Kwanon Iya Ya Je Jos

Tun ranar da aka koma karatu a lakwal Rakiya da Balki ba su bar ni na sha ruwa ba. Da an fito hutu sai su sa ni a tsakiya: yaya Jos take, da gaske ne sanyinta har hayaƙi yake fitarwa daga baki, me muka ci, na shiga cocinsu ko ban shiga ba. Ni kuwa kun san halina. Idanu in suka yi mini yawa sai in kasa wuce "lafiya lau". Jiya Balki ta ce in dai "lafiya lau" ce kaɗai tsarabar da na kawo musu, da ma Iya da akuya ta tafi a madadina. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta da kanta, ni ma in huta.

Da akuyar kuwa zan fara, don ba domin ita ba da har yau ban wuce Magarya ba.

Kun san ƴar egliz ɗin nan, cocin da ke bayan unguwarmu a Dungas. Matar faston, Madam Hannatu, katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Da Kirsimeti takan aiko mana da shinkafa, da Babbar Sallah mu aika mata da nama, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin kwano ya koma gidan da ya fito fanko ba. Ko ƙuli-ƙuli ne, ko ƴar kuka, sai an jefa wani abu a ciki. Bayan rasuwar kakana, matan egliz ɗin suka soma ba matan da mazansu suka rasu awaki, ba su tambayar Musulma ce ko Kirista. Sharaɗin guda ne: ƴar akuya mace ta farko da aka haifa a miƙa ta ga wata matar, sauran duk na mai kiwo ne. Kakata, wadda muke kira Iya, ta samu wata ja mai tabon fari a gefe, ta sa mata suna Kyalla.

Kyalla ta yi albarka, tagwaye take haihuwa. Duk shekara kafin a koma lakwal akan sayar da ɗan bunsuru guda a saya mini kaye da bik na rubutu da kuma takalmi. Baba bai ɓoye mini ba tun ina ƙaramin aji: geron gonarsa da ƙyar yake kai mu bazara, balle ya sayi kaye. In babu Kyalla, babu kwaleji.

Iya ta cika sharaɗi tuntuni, amma abin bai kwanta mata a rai ba. A wurinta miƙa ƴar akuya ga wata cika alkawari ne, ba godiya ba ce. Kwanon mutane yana hannunta har yanzu, fanko. Ta kai wa Madam zakara, Madam ta dawo da shi da kanta. Ta kai gyaɗa, aka dawo da ita. Madam ta ce dokar aikinsu ta hana su karɓar ko allura daga wanda aka taimaka, kuma ma ba su suka sayi awakin ba, matan coci ne na wajen Jos a Najeriya suka haɗa hannu. Iya ta ce to a nuna mata hanyar Jos. Kowa ya yi dariya. Sai ga shi bana an kira taro a can a kan yaƙi da talauci, aka ce Madam ta zo da ɗaya daga cikin matan da suka samu akuya. Kafin Madam ta rufe baki Iya ta ɗaura ɗankwali. Ni kuma aka ce in raka ta, saboda idonta ba ya ganin nesa, kuma ana son mai riƙon kaya.

Tsarabar da ta shirya cuku ne, irin wanda Buzaye ke kawowa kasuwa. Ta koyi yin sa tana budurwa, lokacin da ta yi zama a Tanut. Kullum ta tatsi Kyalla, ta daskarar da nonon, ta shimfiɗa shi siriri a kan ƴar tabarmar kara, ta ɗora a kan rumfa. Aikina korar kaji da ƙudaje. A hankali har aka cika babban kwanon samira, ta rufe, ta ɗaure da tsohon ɗankwali. Ranar da za mu tashi ta faɗa a tsakar gida, gaban Baba da Inna:

"In can ma suka ƙi karɓa, Kyalla ta koma inda ta fito, ita da ƴaƴanta. Ba ni cin abin da aka hana ni godiyarsa."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon, don an san Iya ba ta mayar da magana ciki. A tasha Baba ya ja ni gefe ya ce in dawo masa da tsohuwa lafiya, in kuma dawo da kwanon nan babu cuku a ciki. Na ce to. Yadda zan yi kuwa, ban sani ba.

Motar Magarya ƙaramar bas ce, hiyas, mutum a kan mutum. Kwanon yana cinyata. Kusa da ni wani Alhaji ne mai sayen riɗi, mai jiki, wanda barci ya ɗauke tun ba mu fita gari ba. Wajen Dancawo mota ta faɗa rami, Alhaji ya zubo gaba ɗaya a kaina, na ji wani abu ya yi ƙas a cikin kwanon. Na rungume shi. Iya ce ta leƙo daga baya ta ce, "Alhaji, jikata ba ta magana, amma kwanon ya yi, ba ka ji ba?" Duk motar ta ɗauki dariya. Alhaji ya ba da haƙuri, a Magarya ma ya saya mana ruwan sanyi, amma cuku na sama ya riga ya kakkarye.

Ni a zatona iyaka wata babbar ƙofa ce. Ashe igiya ce da ƴan ganguna a kan hanya. A Tinkim, wajenmu, aka duba kartar shaidar Iya da takardar izinin tafiyata da Baba ya sa hannu a meri, ofishin magajin gari. Ma'aikacin duwan mai binciken kaya ya ɗaga murfin kwanon, ya shaƙa, ya yi murmushi ya ce ya tuna da uwarsa, ƴar arewa ce. Iya ba ta iya jin irin wannan ta ƙyale, sai ta miƙa masa guda. A Babban Mutum kuwa, wajen Najeriya, wani matashin jami'i muka tarar, daga can kudu aka turo shi, Hausarsa ba ta nuna ba. Ya ɗauki cuku ya ɗaga shi saitin rana, ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya tambayi Madam sabulu ne ko fata. Madam tana ta bayani da Turancinta na coci, Iya ta gaji ta ce a gaya masa ya ci, in ya mutu ga ta nan zaune ba inda za ta. Ya gatsa kaɗan, ya tsaya, ya sake gatsa, sannan ya kira abokin aikinsa. Iya ta ba kowa nasa. Ni ina tsaye ina kallon yadda kwanon ke yin ƙasa.

Bayan igiyar babu abin da ya sake: gero iri ɗaya, fuskoki iri ɗaya, har Iya ta gaisa da wata da suka haɗa kaka. Sai dai allunan hanya sun koma Turancin Ingilishi, kuma da na ce wa mai shago ina lakwal sai da ya ce in maimaita.

A Kano muka kwana, gidan Gwaggo Sa'a, ƙanwar Baba da ke aure a Kurna. Daga tasha muka shiga adaidaita sahu, Iya ta riƙe ƙarfe da hannu biyu tana salati. Da muka hau gadar sama ta leƙa ta ga motoci da mutane a ƙarƙashinmu, ta tambayi mai tuƙin ko an nemi gafarar waɗannan bayin Allah kafin a bi ta kansu. Ya ce, "Baba tsohuwa, su ma anjima ta kan wasu za su bi." Gwaggo ta yi mana gurasa da yaji da man gyaɗa, na ci har na ji kunya. Burodinsu ne bai yi wa Iya ba. Ba dogo ba ne mai ɓawo irin namu, wani ne mai taushi da zaƙi. Ta matsa shi a tafin hannu ya dunƙule, ta ce wannan ai auduga ce aka toya.

Gwaggo ta buɗe kwanon, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce mutane masu manyan motoci za a kai wa wannan ɓallallen abu? Ta ce a bari gobe ta shiga kasuwa ta sayo turmin atamfa mai kyau, a fita kunya. Iya ta ce atamfa ba daga nonon Kyalla ta fito ba. Suna cikin wannan gardama ƴaƴan Gwaggo suka zagaye kwanon, kowa ya tsere da abin da hannunsa ya kai. Daga nan ko alwala zan yi sai na tafi da shi.

Hanyar Jos doguwa ce. Bayan Zariya ƙasa ta soma hawa, kunnuwana suka toshe, duwatsu suka bayyana, wani a kan wani kamar an jera tukwane. Iska ta sake. Iya, wadda a gida take cewa sanyi na raggo ne, ta karɓi rigar sanyin Madam, sannan ta sa hannu a jakata ta zaro safar lakwal ɗina ta saka. Ta ce in na faɗa a Dungas sai ta cire mini kunne. Ga shi na faɗa.

Wurin taron ba cikin Jos ba ne, wani ƙauye ne a bayanta, inda coci ke da makarantar koyon noma. Aka sauke mu a ɗakin ɗalibai mai gado a kan gado. Iya ta dube shi sau ɗaya ta jawo katifar ƙasa. Mu Musulmi baƙi ba mu da yawa, amma an ware mana ɗaki da tabarmi da butoci, kuma a ƙasa wani ya zana kibiya da alli don nuna alƙibla. Na lura an goge ta farko an sake zana wata a gefenta. Wato wani ya zana, hankalinsa bai kwanta ba, ya je ya tambayo. Naman ma sun gaya mana mahauci Musulmi suka kira ya yanka.

Abubuwan mamaki suna da yawa. Gonakinsu ba darni, ƙerana ce mai ƙaya suke shukawa ta zagaye. Maza suna ɗaukar yara a kafaɗa, suna wanke kwanuka, ba wanda ya waiwaya. Karnuka suna kwance har bakin murhu. Gaisuwarsu gajeriya ce, "sannu" ɗaya mutum ya wuce, ba gida, ba gajiya, ba ya kwanan yara. Kwana na farko Iya ta zaci fushi ake yi da mu. Kafin a ci abinci sai kowa ya rufe ido a yi addu'a. Iya takan yi bismillarta ta jira su gama saboda ladabi, amma ido ɗaya take rufewa, ɗayan yana kan karen. Abincin kuwa dankalin Turawa ne safe da rana da yamma, sai gwaten acca mai ganye, wanda da farko na zaci miya ce aka manta da tuwonta. Balki, hayaƙin baki ban gani ba, sun ce sai watan Kirsimeti. Amma ruwan buta da asuba kamar an jiƙa ƙanƙara.

Can har lokacin ruwa bai ɗauke ba, komai a jiƙe yake. Da na kwance kwanon in duba sai na tarar cukun ya soma laushi. Tsoro ya kama ni kada ya yi fumfuna. Na tsaya a ƙofar madafa rungume da shi, na kasa sallama, har wata doguwar mata mai babbar murya ta hango ni. Ita ce Mama Rifkatu, shugabar zumuntar matan cocin, ita ce kuma mai kula da girki. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta share mini wuri kusa da wuta na baza cukun, ta turo mini kujera ƴar tsugunno da wuƙa da kwandon dankali. A nan na gano cewa in hannuna yana aiki, bakina ma yakan ɗan motsa.

Zauren taron an liƙa wa bangonsa ƴan akwatuna masu launi-launi, waɗanda Mushe, malaminmu, ya taɓa nuna mana a aji, muradun da ƙasashen duniya suka amince a kansu. Na farkon ja ne, da hoton mutane riƙe da hannun juna. Mai jagorar aikin awakin, Malam Yohanna, siririn mutum mai tabarau, ya yi bayani da Hausa cewa shugabannin duniya sun zauna sun sa lokacin da suke son a ga bayan talauci da yunwa. Iya ta sunkuyo ta raɗa mini, "Takwara, shi talaucin an gaya masa?" Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana haka. Na cusa gyale a baki don kada dariya ta fito. Bayansa wani fasto ya ce mai imani ba ya zama yana jiran gwamnati, domin maƙwabcinsa da ke kwana da yunwa ba a taron manya yake ba, yana bayan katanga ne, kuma ba a tambayar yunwa addininta. Wannan Iya ta gyaɗa masa kai. Aka yi magana a kan rijiyoyi, da irin shuka, da ajiye ƴan mata a makaranta. Wata daga Maraɗi ta yi gardama sosai cewa akuya ba ta isa ba in babu asibitin dabbobi kusa.

Da aka kira Iya, ta miƙe da safata a ƙafarta, ta yi gaisuwa irin tamu, doguwa, har aka fara murmushi. Ta ba da labarin Kyalla, ta nuna ni ta ce ga karatun akuya nan zaune, duk zauren ya juyo, na so ƙasa ta tsage. Sannan ta karɓi kwanon daga hannuna, ta kwance, ta miƙa wa Malam Yohanna da hannu biyu.

Ya sa hannu a ƙirji, ya rusuna, ya yi godiya mai yawa. Amma bai karɓa ba. Ya ce a wani ƙauye an taɓa samun wata mata da ta sayar da irin shukarta don ta yi wa ma'aikatansu kyauta, tana tsoron in ba ta ba da ba za a tsallake ta, sauran mata kuma suka bi sahunta. Tun daga ranar suka yi wa juna alkawari ba mai karɓar komai. Ya ce, "Mama, ki kai wa jikokinki su ci. Godiyarki ta iso." Aka yi tafi, kowa na ganin abin ya ƙare lafiya.

Ni kaɗai na ga yadda Iya ta ɗaure ɗankwalin, ƙulli a kan ƙulli, irin ɗaurin da take yi wa abin da ta gama da shi. Da muka fito ta ce, ba ta ko dube ni ba, "In mun koma, ke za ki ja igiyar Kyalla." Abincin rana ta ce ta ƙoshi. Na yamma ma haka. Sauran gurasar Gwaggo ta jiƙa da ruwa ta ci. Madam ta lallashe ta har ta gaji. Ni kuma maganar Malam Yohanna ban ga laifinta ba, ta Iya ma ban ga laifinta ba, ga Kyalla a tsakani.

Washegari Lahadi ce. Rakiya, ban shiga cocin ba. A baranda na zauna, amma tagar a buɗe take. Mata sanye da zane iri ɗaya suna buga tukwanen ƙasa suna waƙa da Hausa. Ashe ranar godiyar sabon amfanin gona ce. Mutane suka taso layi-layi suna rawa zuwa gaba, wannan da buhun masara, wancan da kaza, wani da kabeji a ka. Can ƙarshen layi sai ga wata tsohuwa ƙarama, ta fi Iya tsufa, igiyar silifas ɗinta ɗaya da waya aka ɗaure. Ƴan dankali ne a hannunta cikin wani kwano mai ɓalle baki. Tana tafe tana rawarta a hankali. Da ta isa gaba aka karɓa da hannu biyu, aka yi mata guɗa. Wanda ya karɓa kuwa Malam Yohanna ne.

Na shiga madafa na zauna ina feraye dankali. Na feraye guda har ya kusa ƙarewa a hannuna. Mama Rifkatu ta ce in dai haka zan yi, yau ɓawo za a ci. Sai na ji bakina ya buɗe, idona a kan wuƙa.

"Mama, tsohuwar nan mai dankali ta fi Iya abin hannu ne?"

Ta ce ina, Ngo Kaneng ai akuyar da take da ita ma zumunta ce ta ba ta. Ngo shi ne yadda suke ce wa uwa a can.

"To ita an karɓi nata. A wurinmu in aka aiko maka da abinci ba ka mayar da kwano fanko. Wanda aka ce ya riƙe nasa, an gaya masa shi mai bara ne, ba maƙwabci ba. Iya ta ce za ta mayar da akuyar. In ta mayar, ni kuma lakwal ta ƙare."

Tun da aka haife ni ban taɓa yi wa baƙo magana mai tsawon wannan ba. Mama Rifkatu ta ajiye ludayi. Ta ce su ma haka al'adarsu take, iyayensu ba su mayar da kwano fanko, dokar ce ta mantar da su. Ta ce Malam Yohanna ba zai karya alkawari ba, kuma bai kamata ya karya ba. Sai kuma ta fashe da wannan babbar dariya tata, ta ce amma ai shi ɗan aike ne, ba shi ya sayi akuyar ba. Ranar da aka yi shelar tara wa matan Dungas kuɗin awaki, Ngo Kaneng ce ta fara tasowa da kwandon dankali, aka sayar aka zuba a ciki. Ita kuwa ba ma'aikaciya ba ce, ba dokar da ta hau kanta.

Da la'asar Mama Rifkatu ta ja mu, ni da Iya da kwano, ta wata ƴar hanya tsakanin ƙerana. Iya tana tafe fuska a ɗaure. Gidan Ngo ɗaki biyu ne na ƙasa, awaki uku a ɗaure a gefe. Hausarta kaɗan ce, Mama ke cike mata. Da ta ji daga inda muka fito sai ta kama hannun Iya ta ƙi saki. Ta tambaya Nijar ɗin da nisa, sannan ta tambaya akuyar tana da rai? Iya ta zauna a kan turmi ta shiga lissafa mata zuri'ar Kyalla kamar mai ba da labarin dangi: wadda aka miƙa wa Tabawa ta bayan masallaci, wadda ita ma ta haihu, bunsurun da ya cinye wa liman rawani a kan shanya, wanda aka sayar na shiga kwaleji. Ngo tana ta dariya tun kafin a fassara mata.

Sannan Iya ta kwance ƙullin. Abin da ya rage bai kai rabin kwano ba, kuma duk a kakkarye. Ngo ta miƙo hannu biyu ta karɓe, ko godiyar kunya ba ta tsaya yi ba, ta ɗauki guda ta kai baki. Haƙoranta na gaba biyu ne kacal. Ta gwada ta dama, ta gwada ta hagu, cuku ya ce bai san zance ba. Iya ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun muna Kano, ta tashi daga kan turmin ta ce a miƙo mata taɓarya.

Da yamma aka dama kunun acca babbar tukunya, aka zuba dakakken cukun a ciki, Ngo da kanta ta tsaya tana rabawa ƴan taro. Malam Yohanna ya shanye kofinsa ya miƙo a ƙara. Ya ce wa Iya shi daga hannun Ngo ya karɓa, kuma babu dokar da ta hana mutum shan kunun maƙwabciyarsa. Ya ce zai kai maganar kwanon gaban sauran ma'aikata su sake dubawa, don ba su yi dokar domin ta ɓata wa kowa rai ba. Iya ta ce masa ya ci abinci dai, ya rame. A wannan yammacin ta cinye dankalinta tas, har da na gefen kwanona.

Da safe muna shiga mota sai ga Ngo Kaneng da silifas ɗinta mai waya. Ta ɗora mini kwanon a cinya, an ɗaure shi da ɗankwalin Iya, amma ƙullin ba irin namu ba ne. Nauyinsa ya ninka na zuwa. Iya ta ɗaga murfin, ta ga acca cike har baki. Tun daga nan har Zariya take mita wai an sake ɗora mata kaya, wai mutanen nan ba su bari mutum ya huta, yanzu kuma da me za ta mayar. Amma duk lokacin da mota ta faɗa rami sai ta miƙo hannu ta dafe murfin.

Baba yana tasha yana jiranmu. Tun kafin ya gaida Iya ya karɓi kwanon daga hannuna. Da ya ji nauyi sai fuskarsa ta faɗi, ya dube ni, ya dubi Iya. Na ce ya buɗe. Ya buɗe, ya ɗebo ƙwayoyin a tafin hannu yana murzawa, ya ce wannan kuma yashin ina ne? Iya ta ce yashin gidan ƙawarta ne, kuma in bai iya ci ba ya bar wa masu haƙori biyu.

Kyalla tana nan a turkenta. An sayar da ɗan bunsurun bana a kasuwa, takalmin da Balki ta ce ya yi mini yawa daga jikinsa ya fito. Accar mun yi gwate da ita sau ɗaya, Inna ta cika ruwa, sauran Iya ta ɓoye wai sai baƙi. Madam Hannatu za ta sake komawa can bayan Kirsimeti, Iya kuwa har ta sake shimfiɗa ƴar tabarmarta a kan rumfa. Saboda haka in kun zo gidanmu da yamma kuka same ni riƙe da sanda ina korar kaji, ba sai kun tambaya ba. Kwanon ne ake shirin mayarwa.